Harsashin Barewa Daga Dahome

Shekarar da aka sauke tutar Ingila ce maigidana ya ajiye bindigar toka. Kawunsa da ke zaune a Dahome idanunsa sun yi rauni, sai ya aiko masa da tasa, ƙirar Faransa, wadda ake karyawa a zura mata harsashin kanti. A lokacin muna wani ƙauye kusa da Bagudo. Shi manomi ne, da rani kuma yana farautar barewa da gada.

Murnarsa ba ta daɗe ba. Harsashin da ake kawowa daga Birnin Kebbi lamba sha biyu ne, ya yi wa bakin bindigar kauri. Nata sha shida ne, kuma sai an tsallaka iyaka ake samu. Ni kuwa can Innata take, ina zuwa gaishe ta bayan girbi, ga shi ina jin yarensu na Dendi. Sai ya ce in sayo masa.

Mai kantin wani dattijo ne. Ya jera mini kwalaye uku ya ce wanne nake so. Ban san akwai bambanci ba. Na nuna masa masu jar takarda, don sun fi kyau a ido. Da na kawo, maigida ya juya su a tafinsa yana murmushi. Daga ni har shi babu mai karanta boko, balle rubutun Faransa.

Ya fita da hantsi ran wata Laraba. Bai dawo ba sai azahar ɗin Alhamis, da barewa a kafaɗa, ƙafafunsa duk ƙaya. Na kawo masa tuwo bai taɓa ba.

Na ce, "Maigida, mi ya faru?"

Ya ce, "Na harbe ta inda ya kamata, ba ta faɗi ba. Jininta na bi har bakin kogin Kwara. Na iske ta kwance tana haki, tana kallona. Yini guda tana wahala saboda ni."

Ya ɗauko harsashi ɗaya ya farke kansa da wuƙa, ya zazzage a faifai. Ƙwayoyin darma ne ƙanana kamar gero, na harbin zabi. Na fahimci abin da na yi, hawaye suka zubo mini.

Ya ce, "Ba laihinki ba ne. Ni maharbi, ni ya kamata in buɗe in gani."

Ya shiga rumbu ya fito da gero da dawa da wake, ya zauna kusa da ni a tabarma. Ya ce mai kama da gero na tsuntsu ne, mai kama da dawa na zomo, barewa kuwa sai mai girman ƙaramin wake, wanda zai kayar da ita nan take a samu a yanka. Ya ƙulle mini wake uku a bakin ɗankwalina da hannunsa. Bai iya ƙulli ba, sai da na gyara.

Da na koma Dahome na ce wa dattijon, "Baba, ka buɗe mini ɗaya in gani." Ya ce ba a buɗe kayan kanti. Na zauna a bencinsa na kwance waken, na ba shi labarin barewar. Sai ya jawo wuƙa ya buɗe mini. Shi ya ƙara koya mini in duba takardar jikin harsashi kada ta kumbura da laima, in duba gindin tagulla kada ya yi kore.

Tun daga nan ni ce mai zaɓe. Ban taɓa riƙe bindiga ba, amma bai sake bin sawun jini ya kwana a daji ba. In maharban ƙauyen Geza suka zo tambayarsa wanne za su saya, sai ya ce, "Bari a tambayi mai ɗakin." Ya leƙo daga zaure ya faɗa mini, ni kuma in ba da amsa ina tankaɗe.