Ranar da Idon Saude ya Tsuke

Saude 'yar garin Gwiwa ce, aure ya kawo ta Roni, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Shekara talatin tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli-ƙuli. Ba matsoraciya ba ce. Abu ɗaya na san ya taɓa girgiza ta, mutuwar mijinta Halliru. Ya je yi wa wake feshi bai rufe hanci ba, iska tana dawo masa da maganin. Aka kawo shi gida yana gumi, yawu na zuba. Ita ta ɗaga fatar idonsa, ta ga baƙin ɗigon nan na tsakiya ya tsuke kamar tsinin allura. Kafin a isa asibiti ya cika. Tun daga nan ta ƙudurta cewa da an ɗura masa manja ya amayar, da ya tashi. An sha gaya mata ba haka ba ne. Ba ta ji.

Bara yanar ido ta rufe mata idanun duka biyu, har sai da lalube take gane bakin kasko. Da masu aikin ido suka zo Kazaure, ni na raka ta. Aka yi mata na dama. Washegari da safe wata nas mai suna Khairiyya ta cire auduga, ta ce kada ta sunkuya, kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta yi yunƙuri, in ba haka ba aikin zai lalace.

Saude ta dube ni ta ce, "Yaya Baraka, ashe haka kika tsufa?"

Muka fito muka zauna gindin dalbejiya. Ta ce in ara mata madubi. Tana dubawa sai ta ce:

"Sun kashe ni."

"Su wa?"

"Dubi idon! Idon Halliru ne. Guba suka zuba mini."

Na duba. Gaskiya ɗigon ya tsuke, da ƙyar ake ganinsa, na hagu kuwa yana nan yadda yake. Ni ma gabana ya faɗi, don ban san dalili ba. Gumi ya karyo mata. Ta shafa wuyanta ta ce, "Ga shi nan, da haka ya fara."

Ta miƙe ta nufi mai ɗanwake a bakin ƙofa, ta fizgi kwalbar manja. Na riƙe gindin kwalbar, ita ta riƙe wuya. In ta sha ta yi amai, idon ya tafi. Ita kuma a ganinta in ba ta sha ba, ba za ta kai azahar ba.

"Sake ni, Yaya! So kike ki koma Roni da gawa?"

Ihuna ne ya fito da Khairiyya. Ta saurara, ba ta yi dariya ba.

"Inna, mu muka tsuke shi. Kafin aiki muna ɗiga maganin da zai buɗe ɗigon don likita ya ga ciki. In ya cire yanar ya saka gilashi, sai a sa wani maganin ya tsuke shi. Zuwa gobe ko jibi zai saki."

"Ke yarinya, na taɓa ganin irin idon nan. Binne mai shi aka yi."

"To zo ki ga wasu."

Ta ja ta zuwa bencin waɗanda aka cire wa auduga. Saude ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana leƙa ido, kwalba a hannu. Wani tsoho daga Kanya Babba ya ce, "Hajiya, in miji kike nema, na ji na gani." Duk ɗigonsu a tsuke yake, kuma wasu koko ma suke sha.

Ta bar ni na karɓi kwalbar, amma ta ƙi tafiya. Ta zauna tana gadin tsofaffin nan har la'asar, tana jiran wanda zai fara faɗuwa. Babu wanda ya faɗi.

Kwana biyu ɗigon ya saki, idon yana gani tas. Da lokacin na hagu ya zo, na je na same ta da mayafina a kafaɗa. Ta ce in zauna in huta.

"Na yarda ba guba ba ce. Amma yinin nan ba zan sake yin irinsa ba. Ɗayan ya ishe ni."

Har yau ba ta koma ba.