Faifan Gogo Hajjo

Duk wanda ya zauna a Nguru wajen shekarar 1952 ya san Madu Abatcha, mai auna fata da ƙirgi a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekara talatin yana wannan aiki, ba a taɓa jin sikelinsa ya cuci kowa ba. Amma je ka tambaya yau, ba mai tuna wannan. Sai dai a ce, "Au, Madu Faifai? Wanda ya tafi har rairayin Yusufari ɗaukar hoton taurari, tsohuwa ta rufe masa akwati da faifai?" Haka mutanen garin nan suke. Ni kaina abin yana ba ni haushi, ko da yake in na tuna sai na dara.

Akwatin hoton wani Bature mai haƙar rijiyoyi ne ya bar masa. Ya nuna masa cewa in aka buɗe idon akwatin aka bar shi yana kallon sama kamar sa'a guda, ba motsi ba haske, to taurari za su zauna a kan fim. Madu ya kai wannan magana majalisarsu ta gindin tsamiya. Kyari tela ya yi dariya har allura ta faɗi.

"Kai Madu, abin da ko hannu bai kai ba shi za ka sa a takarda?"

Madu ya fusata, ya ce a gaban kowa zai kawo Kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri guda. In ya kasa, Kyari ya ɗauki akwatin ya riƙa zuba maɓallai a ciki. Kyari ya ce ya karɓa, dama gwangwaninsa ya yi tsatsa.

Da kaka ta yi, Madu ya karɓi hutun kwana goma. Hayaƙin jirgi da fitilun tasha ba za su bar shi ya ɗauki taurari a gari ba, don haka ya hau mota zuwa Gashua, daga can ya bi masu takarkari zuwa rugar amininsa Hamajoɗa, a cikin tuddan rairayi. Babarbare da Bafulatani, kun san ba a gaisawa sai an taɓa juna.

"Maraba da bawana," in ji Hamajoɗa. "Me ka ɗauko wa ubangidanka a wannan akwati?"

"Hankali na kawo maka, na ji a rugar nan ya ƙare."

Daren farko Madu ya cika ƙwarya da rairayi, ya dasa akwatin a ciki idonsa na sama, ya buɗe, ya shiga bukka shan fura don kada motsinsa ya ɓata aiki. Da ya fito bayan sa'a guda, sai ya tarar da faifai a kife a kan ƙwaryar. Gogo Hajjo, mahaifiyar Hamajoɗa, ta yi zagayenta na bayan isha. A gidanta ƙwarya ba ta kwana a buɗe, ko ta nono ce ko ta baƙo.

Madu ya tsaya yana huci. Da Hamajoɗa ne, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma tsohuwa ce, kuma ita ta dama furar da ke cikinsa. Da safe ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi bayani a tsanake. Ta ce, "To, ɗana, na ji."

Dare na biyu, faifai. Ta ji ɗin, amma ba ta yarda ba.

Dare na uku ya kai ƙwaryar bayan tudu. Ta bi sawunsa a rairayi ta rufe. Na huɗu ya ce tunda ƙwarya ce matsalar, bari ya raba su: ya kafa akwatin a ƙasa tsirara. Gogo ta ga kayan baƙo a yashe, raɓa na sauka, awaki na yawo, ta kife masa ƙwarya, ta ɗora faifai a sama don ƙarin tsaro.

"Hamma, ka yi wa Allah ka yi mata magana!" in ji Madu. "Kwana biyu na yi a hanya, bayana har yanzu bai miƙe ba. Wannan zalunci ne!"

Hamajoɗa yana share hawayen dariya ya ce, "Ni da ta haifa ban taɓa cin ta a magana ba, sai kai Babarbare?"

Saura dare ɗaya. Madu ya mayar da akwatin cikin ƙwarya, ya shimfiɗa buzu ya zauna gadinsa. Can sai ga Gogo da faifanta. Ta dube shi, ya dube ta. Ta zauna gefe, ta ɗora faifan a cinya tana jira.

"Me yake kallo?" ta tambaya.

"Kaza da 'ya'yanta, Gogo."

"Ai ba za ta tsaya masa ba. Kiwo take, kamar shanu. Yanzu tana kan gawon can, kafin asuba ta faɗa yamma."

Madu ya ce a ransa, Bature bai faɗi haka ba. Da sa'a ta cika ya rufe idon akwatin, ita kuma ta rufe ƙwarya. Ranar da zai tafi ta ba shi faifan, ta ce tunda a garinsu babu.

Fim ya tafi Kano a jirgi don a wanke. Hotuna huɗu suka dawo baƙi ƙirin. Na biyar kuwa wasu fararen zaruruwa ne jere, kowane ya ɗan tanƙwara. A gindin tsamiya Kyari ya juya hoton sama da ƙasa, ya ce, "Wannan ai ɗinkin ɗan koyo ne. Miƙo akwatina."

Madu ya miƙe tsaye. "Tsohuwar nan ce! Ta girgiza ƙasa da zamanta!" Har ya ɗauko akwatin zai miƙa, sai Ibram, tsohon madugun da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin taurari da ayarin gishiri, ya ce a ba shi ya gani. Ya daɗe yana dubawa, ya sa farce a kan wasu zaruruwa da suka cure wuri guda.

"Ga Kazar nan. Ba girgiza ba ce, tafiyarsu ce. Kyari, nemi gwangwani."

Madu ya koma ya zauna da akwatinsa. A rugar Hamajoɗa an gaya masa wannan kyauta, bai saurara ba.

Har ya tsufa akwatin yana kan kanta a ɗakinsa, faifan Gogo a kife a kai. Wata rana Kyari ya leƙo ya gani, ya ce, "Madu Faifai, ashe kai ma ka koyi rufewa?"

Madu ya harare shi ya ce, "Ido ne, ya yi aikinsa, ya cancanci a rufe shi ya huta. Abin da na rasa shekara da shekaru shi ne faifan da zai rufe bakinka."