Ƙusar da Malam Tasi'u Ya Cire

Duk wanda ya san ƙaramin asibitin da ke can wajen Utai ya san Malam Tasi'u, kuma ba kasafai ake ambatonsa da alheri ba. Wai taurin kai gare shi. Magidanci zai zo ya ce iyalinsa na fama da ciwon sanyi, fitsari na yi mata zafi, a rubuta masa magani. Tasi'u ya dube shi ya ce, "Je ka kawo ta." Ko mai unguwa ne, amsar ke nan. Maza su fita suna tsaki, su zarce kemis a Wudil. Su yi ta yi, ai ba su san abin da ke cinsa ba.

Shi ma'aikacin lafiya ne, amma a ƙauye duk mai farar riga likita ne. Da can hannunsa a sake yake, kafin ka rufe baki ya miƙo maka magani. Akwai takardar ƙa'ida da aka aiko musu aka manna a bango, mai bayanin wa za a ba wane magani, na kwana nawa. Akwai ƙusa a samanta, a nan yake rataye babbar rigarsa. Shekara biyu takardar na bayan riga.

Wata Juma'a, ana ta ɗokin tafiya kasuwa, sai ga Ya'u, wani manomi da bai cika shekara da aure ba. Ya zo ne a madadin matarsa Rahinatu. Ya ce fitsari, ya ce mara, ya ce har baya. Yana faɗa kansa a sunkuye, ya cire hula yana ta murza ta. Tasi'u ya ƙulla masa kafso na kwana uku, irin wanda yake ba kowa.

Kwana tara bayan nan aka wuce da ita babban asibiti, jiki kamar garwashi, ciwon ya hau ƙoda. Ashe ciki ne da ita, wata biyar, na fari. To wane ango ne zai buɗe baki ya faɗi cikin fari? Ita da abin da ke cikinta, babu wanda ya dawo.

Daga wurin jana'iza Tasi'u ya wuce asibiti, ya sauke rigar. Layin farko na takardar cewa ya yi, mace mai ciwon fitsari a tambaya ko tana da ciki. In tana da shi, a gwada fitsari, a sauya magani, a ƙara kwanaki, a sake ganinta. Ya cire ƙusar ya jefar, amma raminta na nan, kullum sai idonsa ya kai wurin.

Ba wanda ya zarge shi, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Duk kaka sai Ya'u ya kawo masa gyaɗa, shi kuma ya rabar bai ɗanɗana ba. Bai taɓa ganin Rahinatu ba, bai san fuskarta ba, don haka duk matar da ta shigo tana jan mayafi sai gabansa ya faɗi.

Bana, shekara shida ke nan, Ya'u ya sake shigowa neman magani. Ya yi wani auren, da wata Sharifa. Suka gaisa, aka tambayi gida da gona.

"Likita, iyali ce ba ta jin daɗi," in ji Ya'u. "Irin na marigayiya ne. Maganin nan da ka ba ta nake so. Wallahi ya yi mata aiki, kwana biyu har daka ta yi."

Da ƙyar Tasi'u ya ce, "Ya'u, tana da juna biyu?"

Ya'u ya sunkuyar da kai, ya cire hula ya fara murza ta.

Tasi'u ya zuba wa hannun nan ido. Ya san murzar nan, ya gan ta a kan bencin nan shekara shida da suka wuce. Ashe ran nan ma amsar na gabansa, shi ne bai tambaya ba.

Ya ɗauki kwalbar gwajin fitsari, ya jawo ƙofa.

"Tayar da babur," ya ce. "Mu je in gan ta."