Tsumman da Baba Ya Ɗaura

Auta tela ne, kuma duk wanda ya taɓa shiga shagonsa ya san halinsa. Ba ya iya ganin zare yana reto a riga ya ƙyale, ko da rigar a jikin baƙo take. Almakashinsa kullum yana aljihun gaba. Shekara ashirin da biyu yana taka keken ɗinki, bai taɓa shuka ko barkono ba. Yayyensa duk sun yi nisa da gida, shi ya sa da Babansu ya rasu, kula da Inna da lambun bayan gida ya faɗo kansa.

Lambun ba wani babba ba ne. Gwaiba uku, lemo biyu, sai ƙananan mangwaro tara da Baba ya dasa a ƙarshen rayuwarsa, waɗanda ba su fara 'ya'ya ba. Kowace bishiya da tsumma ɗaure a jikinta, rana da ruwa sun ci rabinsa. Ranar da Auta ya fara shiga gyara, tsummokaran nan suka tsone masa ido. Wai lambu ne wannan ko shanyar mahaukaci? Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da almakashi, ya tara, ya ƙyasta musu ashana. Har da fito yake yi, bawan Allah.

Da la'asar ya kai wa Inna labari yana jiran yabo. Idanunta sun daɗe da yin rauni, ba ta zuwa lambun. Ta tambaye shi ko har da shuɗin ya ƙone. Ta gaya masa Baba bai iya rubutu ba, da tsummokaran nan yake gane irin kowace bishiya. Shuɗin kuwa daga zanenta aka yago shi. A gidan da aka haife ta akwai wata mangwaro mai zaƙi wadda ba ta da zare ko ɗaya. Da aka ji za a rushe gidan a yi titi, Baba ya hau mota ya je ya yanko reshenta, ya haɗa shi da ɗaya daga cikin taran nan, ya ce mata in da rai za ta sake shan mangwaron gidansu.

Auta ya san zanen, shi ya kashe masa baki da kekensa. Shuɗi ne mai ƙananan furanni, da safen nan ma ya riƙe tsumman a hannu. Ya tuna yadin sarai, amma bishiyar da ya cire shi ta ɓace masa fat.

Daga ranar ya zama ɗan lambu ƙarfi da yaji. Yakan rufe shago da wuri, masu ɗinki suna ta tsegumi wai tela ya koma manomi. Ya murza ganye ya shinshina, ya gwada tsawonsu da awon ɗinki, ya kai wa Inna ganye tara ta shinshina, duk a banza. Kowa ya ce masa ya yi haƙuri, 'ya'yan za su faɗi gaskiya. Ya yi ban ruwa, ya zuba taki, ya kori awaki. Amma hannun tela ba ya zama. Ya lura kowace mangwaro tana da rassa miƙaƙƙu masu ƙarfi da suka fito daga gindi, sai wani siririn reshe karkatacce mai kumburi, kamar ɗinkin ɗan koyo. Ya ce waɗannan karkatattun ne suke shanye ƙarfin bishiya. Ya sa zarto ya datse su duka tara, daidai kan kumburin.

A shekara ta uku suka yi 'ya'ya. Ya ɗanɗana ta farko, tsami da zare. Ta biyu haka. Kafin ya kai ta tara haƙoransa sun mutu. Ya je ya ɗauko Kawu, abokin Baba mai renon dashe a bakin rafi. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya shafa inda zarto ya bi, ya daɗe bai ɗago ba.

"Wa ya yanke nan?"

"Ni ne, Kawu."

"Wannan kumburin shi ne auren da babanka ya yi musu. Karkataccen reshen shi ne iri mai kyau. Abin da ka bari ƙwallon banza ne, gindi kawai aka ara."

Auta ya tambaya ko akwai dabara. Kawu ya ce sai dai a samo reshe daga uwar bishiyar, ita kuwa kwalta ta daɗe a kanta. Ya so ya yi masa faɗa, da ya ga fuskarsa sai ya ce kawai garin neman gira ya rasa ido, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Auta ya zauna a gindin bishiya ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar rasuwar Baba.

Inna kuwa ta ji ƙamshin nunanniyar mangwaro ta taga, kullum sai ta tambaya. Bai iya gaya mata ba. Ranar da ya rasa abin faɗi, ya zaɓo wadda ta fi nuna, ya wanke, ya sa mata a hannu. Ta jujjuya ta, ta ɓare da farce, ta sha a hankali har ƙwallo.

"Ita ce, Auta," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Ya karɓi ƙwallon ya nufi ƙofa, amma bai fita ba, ya tsaya riƙe da labule. Inna ta saurara, ta ɗauka ya tafi. Sai ta juya fuskarta ga bango, ta sa farce tana ciro zare daga 'yan haƙoran da suka rage mata, tana ɓoyewa a gefen zanenta.