Gorunan Merle Faulkingham

Orrin Beal ya yi rayuwarsa yana gyaran injinan masunta a gaɓar tekun Maine, a Amurka. Da ya ajiye aiki sai ya sayi ƙaramin jirgi, duk bazara shi da matarsa Verna suna bin tsibirai, inda yamma ta same su nan suke jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, su kwana.

Ba ya duba taswira, kuma ya raina na'urar nuna hanya. Kowane gidan masunta yana da launin da yake shafa wa gorunan da ke yawo a kan ruwa suna nuna tarkon lobsta, wani irin babban jatan lande, kowa kuma da inda yake dasa nasa tun kaka da kakanni. Orrin ya haddace su kaf. Ko hazo ya rufe teku, gora ɗaya ta ishe shi sanin inda yake.

A bazarar bara, da hantsi, hazo ya kama su a bakin wani lungu mai duwatsu. Verna ta ce, "Tsoho, mu tsaya ya washe. Idonka ba na da ba ne."

"Idon da ya zaɓo ki?"

"Ai tun ranar na san da matsala."

Yana dariya ya hango goruna masu launin ja da rawaya. Na Merle Faulkingham ne, abokinsa tun ƙuruciya, wanda kullum yake jera tarkonsa a gefen hanya mai zurfi. Ya saki jiki ya bi su.

Sai gindin jirgi ya daki dutse. Verna ta kife, goshinta ya fashe, ruwa ya fara shigowa ta ƙasa. Orrin ya tsaya riƙe da sitiyari, baki buɗe, yana kallon gorar da ke lilo a kan dutsen. Verna ce ta rarrafa ta yi kira a rediyo.

Jirgin da ya zo na Merle ne, amma 'yarsa Darlene ke tuƙi. Ta jefo igiya, ta ɗauke Verna, ta danna mata tawul a goshi.

"Ina ubanki?" in ji Orrin. "Ya haukace ne, zai dasa tarko a kan dutse?"

Darlene ta dube shi. "Baba Orrin, ba wanda ya gaya maka? Mun binne shi tun cikin sanyi. Ni na gaji launin. Wurinsa ya yi mini zurfi, shi ya sa na matso nan."

Orrin ya zauna a kan akwatin kifi. Darlene ta ja jirginsu har gaɓa.

An yi wa Verna ɗinki, an liƙe jirgin. Bana ma sun fita, sai dai ita ke riƙe da sitiyari, da na'ura a gabanta. Shi yana zama a gaba, kuma duk masuncin da suka gitta sai ya ɗaga murya ya tambaye shi wa da wa suka rage a raye.