Lawwali Mai Lasar Gari

Lawwali mutumin Bugaje ne ta ƙasar Jibiya, sana'arsa dakan magani. Wajen kakarsa ya gaji turmin. Yana daka ɓawon maɗaci na zazzaɓi, da filasko mai wanke ciki, da bagaruwa mai tsayar da shi, sai kuma saiwar sanya, wadda ko kusa da hanci ta zo sai an yi atishawa. Da kuɗin man fetur suka shigo, mutanen Jibiya suka koma ƙwaya da allura, shi ya sa duk ranar kasuwa yakan ɗaure ƙulle-ƙullensa a bayan keke ya tsallaka Nijar.

Wata shekara aka kawo sabon ma'aikaci shingen iyaka, mutum mai tsoron guba. Ya kwance kayan ya duba.

"Malam, wa ya tabbatar wannan ba zai kashe mutane ba?"

"Ranka shi daɗe, kakata ta sha shi har ta ga tattaɓa-kunne."

"Ban ga kakarka ba, kai nake gani. Lashi kowanne."

Lawwali ya lasa. Bai yi nisa ba filasko ya kama aiki, sai da ya yar da keken ya faɗa gonar gero. Da mako ya zagayo ya yi dabara, ya bi filaskon da bagaruwa, ciki ya rasa wanda zai yi wa biyayya, ya tsaya cik. Jandarmomin Nijar suka ji labari, suka ce ba za a fi su tsari ba, su ma sai ya lasa a gabansu. Haka mutum da lafiyarsa ya dinga shan maganin kowace cuta, har da na masu jego, yana atishawa a ƙasa biyu.

Matarsa Luba ta zuba ido tana jiran ranar da za a kawo shi ranga-ranga. Sai ma ya yi ƙiba, tsohon tarinsa ya tafi.

Da aka canza ma'aikacin, wanda ya gaje shi ko kallon kayan bai yi ba, ya ɗage shinge. Abin ya sosa wa Lawwali rai, ya ga an raina maganinsa. Ya jingine keke a tsakiyar hanya ya hau lasa ɗaya bayan ɗaya, motocin siminti da shinkafa sun yi layi a bayansa suna danna hon.

"Baba, wuce mana," in ji ma'aikacin. "Babu mai tambayarka."

"Kai dai duba, ɗana."

Bai daina ba har tsufa ya raba shi da keke. Ya koma bin motar haya, direbobi kuwa suka saba, da an iso shingen sai su kashe inji, su jira ya gama lasa.