Zuwa Kallon Birai da Damina

Gajeren hutu aka ba ni daga bariki, na iso Zuru da niyyar mu je kallon birai a dutsen hanyar Ribah, kamar lokacin yarinta. Na manta damina ce. Abokaina duk suna golmo, suna yi wa surukai noma. Haushi ya kama ni, na hau kabu-kabu ni kaɗai.

A gindin dutsen na tarar da wata tsohuwa tana kaɗa gwangwani, tana gadin masararta. Na faɗa mata abin da ya kawo ni.

"Kallo, ɗana? Mu korarsu muke yi. Zauna ka karɓe ni."

Na kaɗa har la'asar, ko biri ɗaya bai sauko ba. Duk hutun nan, ita kaɗai ta ce in zauna.